Yarinya da Goyo: Tambayoyi da Amsoshi kan Cikin Ƙuruciya a Inda Talauci Ya Yi Katutu

Maganar cikin 'yan mata ƙanana magana ce ta ƙasa-ƙasa, da an ga baƙo sai a yi gum. Shi ya sa tambayoyi ke cin mutane a rai har lokacin amsarsu ya wuce. Ga waɗanda iyaye, malamai da su kansu yaran suka fi yi idan sun sami wanda ba zai yi musu dariya ko faɗa ba.

Wa ake nufi da mai cikin ƙuruciya, kuma abin ya kai yawan da ake faɗa?

A lissafin ma'aikatan lafiya, duk yarinyar da ta ɗauki ciki tsakanin shekara 10 zuwa 19 tana ciki, ko da aure ko babu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙiyasta cewa a 2019 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suna ɗaukar ciki kusan miliyan 21 a shekara. Kusan rabi ba a shirya masa ba, kuma kimanin miliyan 12 ne ke kaiwa ga haihuwa.

Adadin yana sauka. A shekarar 2000, cikin kowace yarinya 1,000 mai waɗannan shekaru a duniya kusan 64 ne ke haihuwa a shekara; zuwa 2023 ya dawo kusan 41. Sai dai saukar ba ta tafi daidai ba. Afirka kudu da Sahara na kusan 98, Latin Amurka da yankin Karibiyan na bin ta da kusan 51. Ko a cikin ƙasa ɗaya, har ma gari ɗaya, tazarar da ke tsakanin unguwar masu hali da ta marasa hali kan yi faɗi sosai.

Ba rashin tarbiyya ne ke kawo wannan ba?

Wannan ce amsar da ta fi saurin zuwa baki, saboda tana sauke wa kowa nauyi ta ɗora wa yarinya da uwarta. Amma in rashin tarbiyya ne kaɗai, me ya sa yake bin layin talauci kamar an ja masa zare? Ai ba a raba tarbiyya bisa ga kaurin aljihu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan sananniya ce. An cire yarinya daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa ya gagara. Gidan na kwana da yunwa, sai a ga aurar da ita rage baki ɗaya ne. Hanyar makaranta na da nisa, akwai mai abin hawa da ke ɗaukarta kyauta, har ranar da zai ce a biya shi. Tana al'ada ba ta da abin tsare kanta, wani ya saya mata. Yaƙi ko ambaliya sun kori iyali zuwa sansani, ɗaki babu ƙofa, banɗaki na can cikin duhu. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi “ba ta jin magana” bayyana abin da ke faruwa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Yarinyar da take hango jami'a ko sana'a a gabanta tana da abin da za ta yi asara, don haka takan yi taka-tsantsan. Wadda ta duba gaba ba ta ga komai ba, haihuwa na iya zama abu ɗaya tilo da zai sa a daina kallonta a matsayin 'yar aike. Masana tattalin arziki biyu a Amurka, Melissa Kearney da Phillip Levine, sun nuna cewa 'yan matan gidajen talakawa sun fi haihuwa da wuri a jihohin da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi, inda fita daga talauci ya zama kamar mafarki. Tarbiyya na da nata gurbin, ban musa ba, amma ba ta biyan kuɗin makaranta.

Su wa ke yi wa yaran nan ciki?

Tambayar da ya kamata a fara yi ke nan, ita ce kuma ake yi a ƙarshe, in ma an yi. Rahoton da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya fitar a 2013 ya ce a ƙasashe masu tasowa kusan haihuwa 9 cikin 10 na 'yan mata matasa a cikin aure ko zaman tare suke faruwa. Asusun Kula da Yara na Majalisar, UNICEF, kuma na ƙiyasta cewa ana aurar da yara mata kusan miliyan 12 duk shekara kafin su cika 18.

A wajen aure ma, sau da yawa namijin ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma yana da wani iko a kanta: malaminta ne, ko ubangidan da take yi wa aiki, ko maƙwabci, ko ɗan uwa na cikin gida. Gwargwadon ƙanƙantar yarinyar, gwargwadon yadda ya kamata a yi zargin tilas. 'Yar shekara 13 mai ciki tana bukatar a tambaye ta a tsanake wa ya taɓa ta, kuma a tabbatar ba ta koma ta kwana gida ɗaya da shi ba.

Amma idan da aurenta, mene ne abin damuwa?

Aure na kare ta daga bakin mutane. Jiki kuwa bai san an ɗaura aure ba.

Ƙugun mace na ci gaba da buɗewa shekaru bayan ta fara al'ada, har bayan tsayinta ya tsaya. Yarinyar da ta taso cikin rashin isasshen abinci ƙugunta kan zama ƙarami ma fiye da haka. Idan kan jariri ya fi ƙarfin hanyar, naƙuda ta tsaya cik, ba nishi ko haƙuri da zai fito da shi sai tiyata. Ban da wannan, jikinta da na ɗan cikin suna rububin abinci ɗaya, su biyun suna girma, shi ya sa ƙarancin jini ya yi yawa a tsakaninsu.

WHO ta bayyana cewa uwaye 'yan shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 haɗarin jijjigar masu ciki, da ciwon mahaifa bayan haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini, wato kafin mako 37, ko da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba. Haɗarin ya fi tsanani ga 'yan ƙasa da 15. Ga 'yar 18 ko 19 mai cin abinci da zuwa awo, bambancinta da babbar mace ba shi da yawa. Wato wani kaso na haɗarin daga shekaru yake, wani babban kaso kuma daga talauci da makara wajen zuwa asibiti. Na biyun nan ana iya yin wani abu a kansa tun yau.

Gaskiya ne ba a ɗaukar ciki a karon farko, ko kafin a fara al'ada?

Ba gaskiya ba ne. Ƙwan mace na fita kusan kwana 14 kafin jinin al'ada ya zo, don haka yarinya na iya yin ciki kafin ta taɓa ganin jini ko sau ɗaya. Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Wanka, tsalle-tsalle, yin fitsari nan take ko shan wani jiƙo ba sa hana komai. Lissafin kwanaki ma ba abin dogaro ba ne a shekarun farko, lokacin da al'ada ba ta daidaita ba.

Na yi ɓatan wata, ina jin tsoro. Me zan yi?

Ki fara da tabbatarwa. Gwajin fitsari na nuna ciki daga lokacin da al'ada ta ƙi zuwa. In ya nuna babu kuma jinin bai zo ba, ki sake bayan mako ɗaya. Tsoro da rashin cin abinci ma na iya jinkirta al'ada, don haka kada ki yanke wa kanki hukunci kafin gwaji.

Idan ya tabbata, ki nemi babba ɗaya. Ba lallai wadda ta fi kusa da ke ba, wadda ta fi riƙe sirri da sanyin rai. Yawanci haka abin ke kasancewa: yarinya ta yi ta kewaye ƙanwar babanta tun safe, ta wanke abin da ba a sa ta ba, ta zauna ta tashi, har matar ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Ke, zo nan. Me ke damunki?” Ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta: “Gwaggo, wata biyu ke nan ban gani ba.” Jimla ɗaya ce, kuma ita ce mafi nauyi a duk tafiyar. Bayan ta fita, sauran na da mai taya ki ɗauka.

Abin da nake roƙon ki da shi: kada ki ɗaure cikin da ƙyalle ki yi ta jan lokaci. Ɓoyewa ba ta mayar da shi baya, tana cinye watannin da ya kamata a ce ana duba jininki ne. Yaran da ke zuwa asibiti karon farko suna cikin naƙuda, ko suna jijjiga, da yawansu tsoron faɗa ne ya kai su nan.

'Yata ta zo min da ciki. Raina ya ɓaci, ban san abin yi ba.

Ɓacin ranki ba laifi ba ne. Kin ga wahalarki, kin ga bakin mutane, wataƙila kin ga abin da mahaifinta zai ce miki. Amma a daren farko kada ki yanke komai. Duka ba ya cire ciki, yana iya jawo ɓari da zubar jini a hannunki. Kora kuwa tura ta ce kai tsaye wurin wanda ya cuce ta, ko wurin wanda ya fi shi.

Tambaya uku suka fi gaggawa: wata nawa ne, lafiyarta ƙalau, kuma da yardarta abin ya faru? Ta ukun ki yi ta ku biyu, murya ƙasa, kuma ki shirya jin sunan da ba kya son ji. Yara da yawa na yin shiru ne saboda an yi musu barazana, ko saboda sun san wanda za su ambata yana da daraja a gidan. In ta faɗa, ki yarda da ita tukuna, bincike ya biyo baya.

Sai ki kai ta awo cikin makon, da ƙafarki. Yarinyar da ta shiga asibiti uwarta na gefenta, kallon da ake yi mata ma daban ne.

Akan yi saurin cewa a aura mata shi a rufe magana. A tsaya a duba. Idan tilasta mata ya yi, aurar da ita gare shi lada ne aka ba mai laifi, ita kuma an kulle ta da shi. Ko da son juna suke, ɗaukar nauyin ciki da na jariri wajibinsa ne da ba ya jiran aure, kuma dokokin ƙasashe da yawa na ba da damar a tilasta masa ta kotu.

Me ake yi a awon ciki, kuma sau nawa za ta je?

Tun 2016 WHO ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. Za a auna hawan jini, a duba fitsari, a gwada yawan jini da rukuninsa, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon sanyi na sifilis, domin duka biyun ana iya kare jariri daga gare su idan an gano da wuri. Za a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid ta riƙa sha kullum, da allurar tetanus. A yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa ana ba da maganin rigakafinsa daga wata na huɗu, tare da gidan sauro. Ƙwayoyin ƙarin jini kan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba matsala ba ne, kada ta daina.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ta faɗi shekarunta na gaskiya, ta faɗi duk abin da ta sha, ko da ta sha ne don cikin ya fita.

Wata gaskiya mai ɗaci: akwai ma'aikatan da ke yi wa irin waɗannan yara gori a gaban layi. “Da kika je ba ki yi kuka ba, yanzu ne za ki yi mana?” Magana ɗaya irin wannan ta isa ta hana yarinya dawowa har ta haihu a ɗaki. In hakan ta faru, babban da ya rako ta ya yi magana, ko a nemi wata ma'aikaciyar, ko a sauya asibiti. Awon dai kada a bari.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su gari ya waye?

Zubar jini, ko kaɗan ne. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga ko suma. Zazzaɓi mai zafi. Ciwon ciki mai tsanani. Fashewar ruwa kafin lokaci. Jariri ya rage motsi ko ya daina. Naƙudar da ta wuce awa 12. Bayan haihuwa kuma, jini mai yawa da ba ya tsayawa, ko ruwa mai wari tare da zazzaɓi.

Jijjigar mai ciki na bukatar ƙarin bayani, domin sau da yawa akan ɗauka iska ce ta taɓa ta, a ɓata awanni ana turare. Hawan jini ne na ciki, wanda kan taso bayan mako 20, kuma ya fi kama masu cikin fari. Maganinsa allurar magniziyam salfet ce da sauko da jinin da kuma fito da jaririn. In ta faɗi, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata komai a baki, a nemi mota. Addu'a ana yin ta a hanya.

Shi ya sa tun cikin na wata 7 ake son a san asibitin da za a je, da wanda zai kai ta ko da tsakar dare ne, da wanda zai iya ba ta jini.

Mene ne alaƙar wannan da yoyon fitsari?

Idan naƙuda ta tsaya kwana biyu ko uku, kan jaririn na danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, ya zube bayan 'yan kwanaki, ya bar rami. Daga nan fitsari, wani lokaci har da bayan gida, ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Yarinya ta rasa ɗa, ta rasa lafiya, sau da yawa ta rasa miji da masu zama kusa da ita.

Ba shekaru kaɗai ke kawo shi ba, babbar mace ma na samu. Abin da ke kawo shi rashin tiyata a kan lokaci ne. Kuma yana warkewa: yawancin masu shi ana ɗinke su su koma daidai. Likitoci Catherine Hamlin da mijinta Reginald sun buɗe asibiti na musamman don wannan aiki a Adis Ababa a 1974, UNFPA kuma ta fara gangamin kawar da cutar a 2003. Duk wadda ta ga fitsari na zubo mata bayan haihuwa ta koma asibiti nan da nan, domin sabon ƙaramin rami na iya rufewa da robar fitsari kawai.

Idan fyaɗe aka yi mata fa?

Asibiti tukuna, kafin zaman sulhu, kafin komai. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5, amma ya fi ƙarfi a farko-farko. Hana cikin shiga yake yi, ba ya zubar da wanda ya riga ya zauna. In zai yiwu kada ta yi wanka kafin a duba ta, kuma a ajiye kayan da ke jikinta ba a wanke ba, shaida ne. Ko an wuce waɗannan kwanaki a je, akwai sauran abin da za a yi mata.

Ƙawayenta sun ce akwai abin da za ta sha cikin ya fita.

Nan ne ake rasa yara da yawa. WHO ta ce fiye da rabin cikin da 'yan mata 'yan 15 zuwa 19 ba su shirya masa ba yana ƙarewa ne a zubarwa, kuma a ƙasashe matalauta sau da yawa ta hanya mai haɗari. Jiƙe-jiƙe, haɗiyar ƙwayoyi barkatai, cusa abu a mahaifa, ko zuwa wurin wanda bai san aikin ba, suna jawo zubar jini, ruɓewar mahaifa, lalacewar ƙoda, rashin haihuwa har abada, ko mutuwa. Dokar zubar da ciki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, addinai ma na da hukuncinsu, kuma ƙwararren ma'aikacin lafiya ne zai faɗi abin da dokar wurin ta yarda da shi. Abu ɗaya bai canzawa: in ta riga ta sha wani abu tana zubar da jini ko zazzaɓi, a kai ta asibiti a faɗi gaskiya. Ceton rai ba ya jiran a gama tantance mai laifi.

Za ta iya komawa makaranta?

Ya kamata, kuma a ƙasashe da yawa doka na bayanta. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990 ta ce a ba yarinyar da ta yi ciki kafin ta gama karatu damar ci gaba. Kenya ta fito da tsarin mayar da su aji a 1994, Zambiya a 1997. A Saliyo an haramta wa masu ciki shiga aji a 2015, lokacin da aka sake buɗe makarantu bayan annobar Ebola. Kotun ECOWAS ta ce wannan wariya ce a Disamba 2019, gwamnati ta janye haramcin a Maris 2020. A Tanzaniya Shugaba John Magufuli ya jaddada korar su a 2017, gwamnatin Samia Suluhu Hassan ta buɗe musu ƙofa a Nuwamba 2021.

Hujjar masu kora ita ce za ta lalata sauran. Ni kam ban ga darasin da sauran ke ɗauka ba in ban da wannan: in abu ya same ki, ki ɓoye. Shi kuwa namijin, in ɗalibi ne yana nan kan bencinsa, in malami ne yana nan da allinsa.

Doka a takarda ba ta rainon jariri, wannan ma gaskiya ne. Yarinyar da ta dawo aji ta tashi tun asuba ta wanke tsummoki, ta ba da nono, ta miƙa yaron ga kakarsa, ta iso a makare. Wajen ƙarfe 11 nono ya cika ya jiƙa mata riga, ta rungume littafi a ƙirji don kada a gani, na bayanta na ƙus-ƙus. Abin da ke riƙe irin wannan yarinya a makaranta ƙananan abubuwa ne: mai riƙe mata yaro, izinin fita ta shayar, malama ɗaya da ke tambayarta in ba ta zo ba, da damar sauya makaranta in gorin ya yi yawa. In aji ya gagara, akwai karatun manya, da rubuta jarrabawa daga gida, da koyon sana'a.

Ƙaramar yarinya za ta iya shayarwa da rainon jariri kuwa?

Za ta iya. Ƙanƙantar nono ba ta hana ruwa, yawan tsotso ne ke kawo shi. A sa mata jaririn cikin awa ɗaya da haihuwa, a bar shi ya sha dakashi, a ci gaba da nono zalla wata 6. Ita kuma a ciyar da ita sosai, tunda ita ma ba ta gama girma ba.

In ya zo ƙarami ko bakwaini, a kwantar da shi tsirara a ƙirjinta, fata da fata, a rufe su tare na awanni masu yawa kullum. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, ana kiranta rainon kangaru, yanzu kuma WHO na ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa.

Kuskuren da manya ke yi da kyakkyawar niyya shi ne ƙwace yaron gaba ɗaya. “Kawo shi nan, me kika sani?” A nuna mata, a bar ta ta yi da hannunta. Sannan a yi wa yaron rajistar haihuwa da allurar rigakafi ko uban ya amince da shi ko ya musa.

Tun da ta haihu take kuka, ba ta son magana. Lafiya?

Kuka da sauyin rai a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce cikin mako 2. In ya zarce haka, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, ba ta cin abinci, ba ta kula shi, ko tana cewa gara ta mutu, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. A ƙasashe masu tasowa yana kama kusan mace 1 cikin 5, kuma ƙananan uwaye da aka tsangwama sun fi shiga haɗarinsa. Ba shagwaɓa ba ce, yana da magani. Maganar kashe kai ko cutar da jaririn kuwa ta gaggawa ce: kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Ta yaya za a hana na biyu biyowa baya da wuri?

Ciki na biyu a kan na farko shi ne yakan rufe ƙofar makaranta gaba ɗaya, ya kuma ƙarasa jinin da bai dawo ba. Shawarar WHO ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Shayarwa na ba da kariya ne kawai in sharaɗi uku sun haɗu: yaron bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi.

Hanyoyin tazarar haihuwa akwai allurar wata 3, da ashanar hannu mai shekara 3 ko 5, da robar mahaifa, da ƙwayoyi. Ƙuruciya kaɗai ba ta hana amfani da ɗayansu, kuma ba sa kashe mahaifa; allura dai kan jinkirta dawowar haihuwa na wasu watanni bayan an daina. Kwaroron roba ne kaɗai ke karewa daga cututtuka. In tana da miji a shigo da shi cikin maganar, domin sau da yawa ba ita ke da ta cewa ba.

Shi ke nan rayuwarta ta lalace?

A'a. Masu bincike a Amurka sun gwada wannan ta hanya mai wayo. Arline Geronimus da Sanders Korenman sun kwatanta 'yan uwa mata na gida ɗaya, ɗaya ta haihu da wuri ɗaya ta jinkirta. Joseph Hotz da abokan aikinsa kuma sun kwatanta 'yan matan da suka haihu da waɗanda suka yi ciki amma ya ɓare da kansa. Duka biyun sun tarar da cewa bambancin da ke tsakaninsu daga baya ya yi ƙasa sosai da yadda ake zato. Yawancin wahalar da ake jingina wa haihuwar tana nan tun kafin cikin. Wannan bincike na ƙasa mai asibitoci da tallafi ne, ba zai goge haɗarin da ke kan 'yar shekara 14 a inda babu likita ba. Abin da yake nunawa shi ne cikin ba shi ne ke yanke hukunci ba, abin da aka yi mata kafinsa da bayansa ne.

To me aka gwada ya rage matsalar da gaske?

Abin mamaki, wasu daga cikin abubuwan da suka fi aiki ba su da alaƙa da wa'azi ko asibiti. A yammacin Kenya, masana tattalin arziki Esther Duflo, Pascaline Dupas da Michael Kremer sun gano cewa raba wa ɗalibai kayan makaranta kyauta ya rage barin karatu, ya rage ciki da auren wuri. A wani gwajin, Dupas ta sa an nuna wa 'yan mata alƙaluman da ke bayyana cewa manyan maza sun fi samari sa'anninsu ɗauke da ƙanjamau. Ɗaukar ciki ya ragu da kashi 28 cikin 100. A gundumar Zomba ta Malawi, ba iyalai ɗan kuɗi duk wata ba tare da sharaɗi ba ya rage aure da ciki, sai dai da kuɗin ya tsaya tasirin ya dusashe. Ingila ta ƙaddamar da shiri na shekara 10 a 1999 wanda ya haɗa ilimi, asibitocin da matasa ba sa jin kunyar shiga, da tallafa wa waɗanda suka riga suka haihu. Cikin shekara 20 ɗaukar cikin 'yan ƙasa da 18 ya ragu da fiye da rabi.

Iyaye kan ji tsoron cewa yi wa yara bayanin jikinsu buɗe musu ido ne. Nazarin da UNESCO ta tattara ya nuna cewa ingantaccen bayani ba ya sa yara fara jima'i da wuri, sau da yawa ma jinkirta shi yake yi. Kuma ba sai an jira manhaja ba. Uwa ko yaya na iya fara wa 'yar shekara 9 ko 10 bayanin al'ada kafin ta zo, da sassan jikin da ba wanda ya isa ya taɓa, da cewa duk babban da ya ba ta kyauta ya ce kada ta faɗa a gida, ta zo ta faɗa a ranar. Yaran maza ma a zaunar da su, a faɗa musu nasu.